Baƙar Kwalba a Shagon Mai Kek

Bayan rasuwar mamarmu, Baba ya ƙi barin gidansa na Kafanchan. Yayana da ke aiki a Kaduna ya yi ta roƙonsa ya koma wurinsa, ni ma na ce ya dawo gidana tunda unguwarmu ɗaya, amma ya ce shi a ɗakinsa zai zauna. Tsohon hedimasta ne, ya saba a bi maganarsa. Sai muka ƙyale shi, ni kuma na ɗauki nauyin abincinsa. In na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in dafa, in zuba a kula, in kai masa kafin rana ta faɗi. Ranar Asabar kuma in kwashe kayansa in wanke.

Abu biyu nake tsaro a kansa. Na farko ciwon suga, wanda ya kama shi tun mama na da rai. Na biyu giya. Ina ƙarama Baba yana sha, ya fara da burukutun ranar kasuwa a ƙauyenmu na Kagoma, daga baya ya koma ta kwalba. Ya bari tun ina firamare, ya tsaya a gaban ikkilisiya ya faɗa da bakinsa, har aka zo aka zaɓe shi dattijo. Amma ni na taɓa zama a bakin ƙofa ina sauraron takunsa don in gane a wane hali ya dawo, kuma hancina bai manta da warin ba.

Wata Asabar ina lalube aljihun kaftaninsa kafin in jiƙa, sai na ciro wata 'yar takarda mai lanƙwasa-lanƙwasa, irin wadda ake gasa ƙananan kek a ciki, waɗanda yarana ke kira kofkek. Akwai ragowar wani kirim mai ruwan ƙasa manne a gefenta. Na kai hanci. Ƙamshin kofi ne, irin wanda ake haɗawa a sha kamar shayi, da bota, da sukari. Amma a ƙarƙashin wannan ƙamshin akwai wani abu mai ɗan kaifi da ya sa na ajiye kaftanin na zauna a bakin rijiya.

Da yamma na kai masa abinci na ajiye takardar a kan tebur.

“Baba, wannan fa?”

Ya dube ta ta saman tabarau. “An raba a wurin taron godiya ne.”

“Godiyar wa?”

“Malama, yau kuma jarrabawa za ki yi mini?” Haka yake kirana in yana son ya rufe magana.

Na bar maganar. Amma mako na gaba na sake samun wata irin takardar, wannan karon a cikin tokar bayan kicin, an tura ta ƙasa da sanda. Na kuma lura da wasu abubuwa. Baba ya fara sa a goge masa kaya. Ya sayi sabon takalmi. Sau da yawa in na kai abinci sai in tarar da ƙofa a rufe, in jira, sai ga shi a bayan mashin yana saukowa yana fara'a, ya ce daga gaishe-gaishe yake. In ya zo kusa sai in ja numfashi a hankali. Ba ya tangaɗi, idonsa bai yi ja ba, maganarsa daidai take. Amma ɗan injin awon suga da yayana ya aiko masa ba ya ɓoye komai, kullum abin hawa yake yi.

Gwaggo ce ta kawo mini sauran labarin. Ƙanwar Baba ce, tana noman citta da doya a Kagoma, kuma duk abin da ya faru tsakanin ƙauye da gari yana biyowa ta kunnenta, domin 'yan acaɓan da ke ɗauko ta ba sa riƙe magana. Ta sauke mini doya a ƙofar kicin, ko ruwa ba ta sha ba ta ja ni gefe.

“Ke kina nan garin nan, kina barin babanki yana zama a shagon matar nan?”

“Wace mata, Gwaggo?”

“Mai kek mana, ta hanyar tasha. Kullum yana can a kan benci kamar maigadi. An ce tana da wata baƙar kwalba, ba ta barin kowa ya taɓa. Daga ciki take zubawa a abin da take shafa wa kek ɗin. Mutum in ya ci sau ɗaya sai ya koma.” Ta rage murya. “Ta sa mishi abu. Ni na faɗa miki.”

Na san shagon, ban dai taɓa shiga ba. Matar 'yar Fadan Kaje ce, amma ta daɗe a kudu, inda mijinta ya yi aikin kuku a wani otal har ya rasu. Ta dawo gida da obin na gasa kek da injin kaɗa bota, ta kama shago. Majami'arta dabam da tamu, kuma su ba sa tsananta maganar giya kamar mu. Matan zumuntar majami'armu suna sayen kek ɗinta na biki, suna yabawa, suna kuma yi da ita a bayan ido, wai macen da ta zauna a kudu ta dawo ita kaɗai ba a rasa abin da ta koyo.

Ni ban yarda da maganar asiri ba, ko in ce ina gaya wa kaina ban yarda ba. Abin da na fi tsoro shi ne kwalbar ta zama abin da hancina ya ce. Sai kuma tambayar da na kasa faɗa wa ko mijina: me mace mai sana'arta take nema wurin tsoho mai ciwon suga, in ba gidansa ba?

Na zaɓi ranar da Baba ke taron dattawa a majami'a. Na shirya abin da zan ce, wato ina son kek na ranar haihuwar 'yata, kuma ina son in ga yadda ake haɗa kirim ɗin don yarinyar ba ta son mai zaƙi da yawa.

Shagon ƙarami ne, da labule ya raba gaba da baya. Na tarar da mace gajera mai furfura a gaban goshi, ta ɗaure kai da farin ƙyalle, ta girme ni sosai amma ba ta kai Baba ba. Ban gama gaisuwa ba ta ce, “Ke ce 'yar Malam. Goshinku ɗaya. Shigo ciki, 'yata, wuta ta zo yanzu, in ban yi sauri ba za su ɗauke.”

Ban ji daɗin yadda ta gane ni ba. Na bi ta bayan labule ina kallon kowane lungu.

Ta ciro bota daga cikin kula mai ƙanƙara, ta danna da yatsa. Ta ce a garin nan duk wahalar aikin a wurin bota take, in ta yi tauri ba ta kaɗuwa, in ka ɗan juya baya kuma zafi ya mai da ita mai. Ta zuba a kwanon silba ta kunna injin, ta bar shi yana ta kaɗawa har botar ta tashi daga rawaya ta koma fari-fari. Sannan ta riƙa tankaɗe garin sukari mai laushi tana zubawa kaɗan-kaɗan, ta rufe bakin kwanon da tawul don kada ya tashi. Ta sa ɗan gishiri a bakin yatsu. Duk wannan ina tsaye, ina cewa to, to, amma idona na kan kantar da ke bayanta. Ina jiran in ga ko za ta aike ni waje, ko ta juya mini baya.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta ɗauko kwalbar ta ajiye a gabana. Kwalbar ba baƙa ba ce, abin da ke ciki ne baƙi, mai kauri kamar zuma.

“Wannan ita ce ake ta maganarta a gari,” in ji ta. “Buɗe ki shinshina.”

Na buɗe. Shi ne. Ƙamshin kofi mai ƙarfi, da kaifin nan a ƙasa.

“Mama, mene ne a ciki?”

“Kofi ne, na dafa shi da kauri da jan sukari, na sa fanila. In ya huce sai in zuba farar giya, in rufe, in ajiye a wuri mai duhu wasu makonni har su saba da juna. Maigidana ne ya koya mini. A otal ɗin da ya yi aiki daga waje ake kawo irinta, shi kuma ya gano yadda zai haɗa tasa.”

Ta faɗi kalmar giya kamar tana cewa gishiri. Ta auna a cokali ta zuba a kwanon, ta ƙara kaɗan, ta kunna injin. Kirim ɗin ya koma ruwan ƙasa mai haske, ya yi santsi, ƙamshi ya cika ɗakin.

“Tana bugarwa?” na tambaya.

“Abin da na zuba a kwanon nan duka, ko kaza ba zai bugar ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, kirim ba a ɗora shi a wuta, don haka abin da aka zuba yana nan, bai tafi ko'ina ba. Shi ya sa nake da wannan.” Ta sake miƙa hannu ta ɗauko wata kwalbar. “Wannan kofi ne da sukari da fanila kawai. Ita nake sa wa na yara, da na fastoci, da na maƙwabtana Musulmi. Kowa ina tambayarsa kafin in haɗa.”

Na dubi kwalaben biyu. Girmansu ɗaya, abin cikinsu kala ɗaya. Wani jan zare ne kawai da ta ɗaura a wuyan ta farkon ya raba su. Na ce a raina, zare ai ana kwance shi a ɗaura.

“Baba wanne yake ci?”

Ta kashe injin. “Marar giya. Ai na san dattijo ne a majami'arku.”

“Na ji warin ɗayan a jikin takardar da na samu a aljihunsa.”

Ta ce, “To wannan sai ki tambaye shi. Ni dai da hannuna ban ba shi ba.”

Ta ɗauko leda mai bakin ƙarfe ta cika da kirim, ta fara murɗa shi a kan ƙananan kek ɗin da ke jere a faranti, kowanne ya fito kamar fure. Hannunta ko rawa ba ya yi. Wannan natsuwar tata ta ƙara ba ni haushi.

“Mama, kin san yana da suga?”

Hannun ya tsaya. Kirim ya ɗiga a gefen faranti.

“Suga?”

“Shekara da shekaru. Likita ya hana shi ko shayi mai zaƙi.”

Ta ajiye ledar ta goge hannu a zani, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune. Ta ce bai taɓa gaya mata ba, ya ce mata lafiyarsa ƙalau sai ɗan ciwon gwiwa. Ta maimaita haka tana kallon ƙasa. Ni kuwa ina tsaye ina auna fuskarta, na rasa ko gaskiya take faɗa ko ta iya wasa ne. Na fito ban yi maganar kek ɗin 'yata ba, ita ma ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba.

Washegari da na kai abinci Baba bai amsa gaisuwata ba. Yana zaune a kujerarsa ta ƙarƙashin mangwaro, rediyo a kashe.

“Kin je kin tona ni a gaban mutane,” ya ce.

“Mutum ɗaya ce, Baba, kuma rai nake tsare maka.”

“Yau na je ta hana ni ko ɓarɓashi. Ta ba ni ruwan zafi da lemun tsami kamar mai mura.”

Na zauna a kan tabarma. Na tambaye shi kai tsaye ko ya koma shan giya.  Ya ce sau ɗaya ya ɗauki kek daga farantin da ba nasa ba, tana waje tana sallamar mai saye. Ya ce ya san abin da ke ciki tun kafin ya kai baki, kuma ya cinye. Ya ce daga ranar bai sake ba, ya kai maganar gaban Ubangiji, ba sai ya kawo ta gabana ba.

“Sau ɗaya kawai?”

“Na ce miki sau ɗaya.”

Ban san ko in yarda ba. Amma abin da ya biyo baya ya ture wannan gefe.

“Kina ganin don kek nake zuwa?” ya ce. “Gidan nan in kin ajiye kula kin tafi, ba na ƙara jin muryar mutum sai gobe. A can ana hira. Tana yi mini musu, tana dariya. Na riga na yi mata magana, ta ce in fara gaya muku. Aurenta zan yi.”

Ranar na koma gida da kular a hannuna, sai da na isa na ga ban bar masa abincin ba, na sa aka mayar.

Yayana ya zo daga Kaduna, Gwaggo ta zo daga Kagoma, aka zauna a falon Baba. Gwaggo ta yi ta magana da yarenmu, ta ce wannan ba bakin ɗan'uwanta ba ne, abin kwalba ne ke magana. Yayana ya tambayi abin da ni na kasa tambaya, wato gidan fa. Baba ya ce gida nasa ne, shi ya gina, kuma bai mutu ba tukuna. Ni na ce a dakata a bincika, sai na aika Fadan Kaje wurin wata abokiyar aikina ta tambayo mini asalin matar. Amsar da ta dawo ba ta da wani aibu: gidansu manoma ne masu mutunci, 'ya'yanta biyu suna kudu suna aiki, mijinta ciwon hanta ne ya kashe shi. Da na ji ciwon hanta sai na sake tuna kwalbar. Kowace amsa aka kawo mini sai ta haifi wata tambayar.

Fasto ma ya je shagon da kansa tare da wani dattijo. Ban san abin da suka tattauna ba, na dai ji cewa matar ta yi alkawarin kwalba mai jan zaren ba za ta taɓa shiga gidan Baba ba, amma ta ce ba za ta daina haɗa ta ba, domin sana'arta ce kuma akwai masu so. Wasu a ikkilisiya sun ce wannan taurin kai ne. Wasu sun ce gara mai faɗa maka a fili.

A wannan tsakanin ta fara aiko wa Baba abinci. Ba kek ba, gwaten acca da ganye da yawa, wani lokaci tuwon acca da miyar karkashi, abincin da likita ya daɗe yana cewa a ba shi, shi kuma yana ƙi in ni na dafa. Ranar da kular farko ta zo Gwaggo na gidan. Ta tare ta a ƙofa, ta ɗebi gwaten ta zuba wa kaji, ta ɗauko kujera ta zauna tana kallonsu har la'asar. Kajin suka cinye suka ci gaba da tonon ƙasa. Gwaggo ta ce irin wannan abin ba ya kama dabba, da sunan mutum ake haɗa shi. Ni ma dai na tsaya na kalli kajin.

An ɗaura auren bayan girbi, ba taro mai yawa ba. Ita ta yi kek ɗin bikinta da kanta. Kafin a yanka ta kira ni gefe ta ce in zo in gani, ta nuna mini wani ɗan ƙarami da ta gasa dabam domin Baba, ba sukari, ba kirim. Babban kuma ta ce da marar giya ta haɗa. Na ɗanɗana a bakin cokali, na riƙe shi a harshe ina nema. Kofi na ji da bota. Gwaggo ta karɓi rabonta don kada a ce ta ƙi, ta kankare kirim ɗin da cokali ta zubar a gindin fulawa, ta naɗe sauran a gefen zani.

Bayan amaryar ta tare ban daina zuwa ba, kuma ba na faɗin lokacin zuwana. Wani lokaci da sassafe kafin makaranta, wani lokaci da tsakar rana. In ce na zo ɗaukar turmi, in shiga kicin, in buɗe kwaba, in leƙa bayan buhun masara. Ta sani. Wata rana ina cikin haka ta shigo ta ce, “'Yata, in kin gama da nan, akwai ƙarƙashin gado ma, sai dai ki yi hankali da ƙura.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Na fito da turmin da ba na buƙata.

Ban taɓa samun komai ba. Sugan Baba ya sauka ya zauna wuri ɗaya, ya yi ƙiba kaɗan, ya koma kunna rediyo. Suna musu a kan komai, a kan labarai, a kan wace majami'a ta fi iya waƙa, domin har ƙarshe kowa tasa yake zuwa. Da rana yana bin ta shago ya zauna a bencinsa, kuma wannan shi ne abin da na kasa sa wa ido, don ba zan bar aji in je in tsare shi ba. In ya dawo nakan matsa kusa in gaishe shi, shi kuma ya gane, sai ya kau da kai.

Sun yi shekaru masu ɗan dama tare. Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi, shanyewar ɓarin jiki ce, ita ta rufe shagon ta zauna da shi. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi kunu a cokali. Ni da yayana muna zuwa muna tafiya. Da ya rasu aka kai shi Kagoma aka binne kusa da mamarmu, ita ce ma ta fara cewa a can ya kamata. Gwaggo ta zauna nesa da ita a wurin makoki, kuma har ita ma ta bar duniya ba ta taɓa cin abin da ya fito daga hannun matar ba.

Da aka gama zaman makoki, kafin wani a cikinmu ya buɗe baki a kan gidan, matar Baba ta tattara kayanta a akwatuna ta ba yayana makulli. Ta ce ɗakin bayan shago ya ishe ta. Yayana ya ji kunya ya ce ta zauna, ta ƙi.

Yanzu ta tsufa, yatsunta sun kumbura, ba ta iya matsa leda. Ta bar wa wata 'yar ɗan'uwanta shagon, ita kuma tana zama a ƙofa tana gaisawa da masu wucewa. Ni nake kai ta asibiti in ranar ganin likitanta ta zo. Muna zama a layi tare, in riƙe mata jaka, ta yi ta ba ni labarin kudu da ruwan saman can da ba ya ɗaukewa. In an kira ta sai in kama hannunta mu shiga, in ma'aikaciyar ta tambaya ko ni wace ce, sai ta ce 'yar maigidanta ce.